Gwajin Maganin Atam Domin Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata cuta ce wadda ta daɗe tana gagarar likitoci, da kuma wata dabara da a ke gwadawa domin yaƙi da ita. Cutar ita ce ciwon daji na ƙwaƙwalwa, musamman irin wanda ya kan komo bayan an yi masa fiɗa. Dabarar kuwa ita ce a ɗauki ɗan ƙanƙanin ma'adini mai fid da tartsatsin atam, a ɗaura shi ga wani magani wanda ya san hanya, a aike shi har ƙofar cutar, ya ƙone ta daga ciki, ya ƙyale lafiyayyen nama. Faɗinta da baki ba wuya. Amma an yi shekara fiye da 30 ana gwada ta, har yanzu ba a yanke mata hukunci ba, kuma dalilin wannan jinkiri shi kansa abin sani ne.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi daɗewa ana wannan aiki shi ne jihar Karolina ta Arewa, a gabashin Amurka. Cikin jihar akwai birnin Greensboro, na uku a girma. Wasu masu sauraro sun san sunansa, domin a tsakiyar birnin ne, a titin Elm, ɗalibai baƙar fata 4 suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth ran 1 ga Fabrairu 1960, suka ƙi tashi sai an sayar musu kamar kowa. Wasu kuma sun san shi saboda 'yan'uwansu, gama akwai mutanen Nijar da dama, Hausawa da Zabarmawa, da suka yi zango a can suna neman abinci. Ba nisa da tsakiyar birnin akwai asibitin Moses Cone, wanda aka buɗe a 1953, da asibitin Wesley Long, inda akwai sashen masu ciwon daji. A irin waɗannan asibitoci ne a kan fara gano cutar a yi mata maganin da aka saba. Amma idan ta komo, sai hankalin likita da na majiyyaci ya koma ga asibitocin jami'a, inda a ke gwada sababbin magunguna. Mil 50 da 'yan kai gabas da Greensboro, watau tafiyar kamar sa'a ɗaya a mota, akwai garin Durham, inda Jami'ar Duke ta ke. Tun 1937 likitocinta ke fama da tsiron ƙwaƙwalwa, kuma a can aka yi wasu daga cikin manyan gwaje-gwajen da za a ambata.

Kafin a fahimci maganin sai an fahimci cutar. An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ta kan rabu biyu ta hayayyafa bisa ƙa'ida, in aiki ya cika ta tsaya. Ciwon daji shi ne sa'ad da wasu ƙwayoyi suka ƙi tsayawa. Mafi muni cikin waɗanda ke tsirowa a ƙwaƙwalwar manya shi ne wanda a ke kira giliyobilastoma, wanda likitoci biyu na Amurka, Percival Bailey da Harvey Cushing, suka yi bayaninsa a littafinsu na 1926. Ba ya cika yaɗuwa zuwa huhu ko hanta kamar sauran ire-irensa. Ɓarnarsa a inda ya tsiro ya ke yinta. Kuma ba dunƙule ɗaya ba ne kamar dankali da za a tone a cire. Yana da saiwoyi sirara da ke kutsawa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa, kamar tofa a gona, wadda manomi zai nome kanta, da ruwa ya sauka ta sake fitowa. Likitan fiɗa kuwa ba shi da ikon faɗaɗa yanka yadda ya ga dama, domin ƙila inci ɗaya gaba nan ne mazaunin magana, ko na gani, ko na motsin hannu.

Maganin da aka saba da shi iri uku ne a jere. A yi fiɗa a cire abin da ya ciru, a gasa wurin da haske mai ratsa jiki daga wani babban inji har mako 6, a haɗa da wata ƙwaya mai suna temozolomid. Wani babban gwaji da aka yi a Turai da Kanada ƙarƙashin Dokta Roger Stupp, aka buga labarinsa a 2005, shi ya kafa wannan tsari. Majiyyata 573 aka raba biyu. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, tsakiyar kwanansu wata 12 ne, waɗanda aka ƙara wa ƙwayar kuwa wata 14 da rabi. Ya kamata a gane abin da a ke nufi da tsakiya, domin za a sake jin kalmar. In aka jera majiyyatan bisa tsawon kwanakin da suka yi, aka duba wanda ya faɗo a tsakiyar layi, shi ne ma'auni: rabi sun wuce shi, rabi ba su kai shi ba. Cutar ba ta san sarauta ko dukiya ba. Sanata Edward Kennedy, ƙanen Shugaba John Kennedy, a asibitin Duke aka yi masa fiɗa a watan Yuni 2008, ya rasu a Agusta 2009.

Kusan kowane majiyyaci tsiron ya kan komo masa, kuma da ya komo kwanan da ya rage bai cika wuce wata 8 ko 9 ba bisa wannan ma'auni na tsakiya. Amma likitoci sun lura da wani abu mai muhimmanci. Galibi ba a wani wuri dabam ya ke komowa ba, a bakin tsohon ramin ya ke fitowa, tsakanin santimita 2 daga inda wuƙa ta tsaya, watau bai ko kai inci ɗaya ba. Ashe an san unguwar da maƙiyi ya ɓuya. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai masa farmaki.

To, me ya hana a sake gasa wurin da inji? Abin da ya hana shi ne hasken inji daga waje ya ke shigowa, tilas ya ratsa fata da ƙashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa kafin ya isa. Akwai iyakar abin da ƙwaƙwalwa za ta iya ɗauka. Da wani awo mai suna gire a ke auna ƙarfin gashi, kuma 60 a kan ba majiyyaci a karon farko. In za a ƙara na biyu, sai kaɗan, da taka tsantsan, in ba haka ba naman ya mutu. Me kuma ya hana a zuba magani mai ƙarfi a jini? Nan ma akwai shinge. Wajen 1885 masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini a jini, ya ga hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sun rine, amma ƙwaƙwalwa ta tsaya fara fat kamar ƙyallen da bai je marina ba. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rine, sauran jiki bai rine ba. Daga nan aka gane jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a tsuke su ke, suna tace abin da zai wuce. Wannan ganuwa rahama ce ga mai lafiya, domin tana tsare shi daga dafi, amma ga marar lafiya ita ke tare yawancin magunguna a bakin ƙofa.

Dabarar aika wuta ta ciki ba a ƙwaƙwalwa aka fara ta ba, a wuya aka fara. A gaban wuyan mutum akwai wata 'yar tsoka, wadda in ta kumbura a ke kira maƙoƙo. Halinta shi ne duk aidin da ya shiga jiki ita ke tsotse shi, irin aidin nan da a ke sa wa gishiri. A 1941 Dokta Saul Hertz na Boston ya ba wata majiyyaciya, wadda tsokar nan tata ke aiki fiye da kima, aidin mai tartsatsi ta sha. Aidin ya tafi inda ya saba zuwa, tartsatsin ya rage tsokar. A 1946 Dokta Samuel Seidlin na New York ya ba da labarin wani mai ciwon dajin wannan tsoka, wanda cutar ta riga ta bazu a jikinsa, aidin ya bi ta duk inda ta je ya danne ta. Har gobe ana amfani da wannan magani ko'ina a duniya. Sai dai a nan jiki da kansa ne ya yi jagora. Tsiron ƙwaƙwalwa ba ya shan aidin, saboda haka tilas a nemo masa ɗan aike na musamman.

Kowane magani irin wannan kashi biyu ne, da ɗan aike da kayan da ya ɗauko. A fara da kayan. Akwai ma'adinai waɗanda ƙwayar atam ɗinsu ba ta zauna daidai ba, kullum tana farfashewa tana fid da tartsatsin da ido ba ya gani. Iri biyu ne suka shafi wannan jawabi. Akwai beta, marar nauyi, wanda kan yi tafiyar milimita ɗaya ko biyu cikin nama kafin ƙarfinsa ya ƙare. Akwai alfa, wanda ya fi beta nauyi sau 7,000 da ɗoriya, ko takarda tana tare shi, kuma cikin nama ba ya wuce faɗin ƙwayoyin halitta kaɗan, amma wadda ya sama ya kan tsinke zaren gadon da ke cikinta, ta kasa gyaruwa. Beta kamar watsa tsakuwa ne, alfa kamar sara da gatari. Har wa yau kowane ma'adini yana da lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Na aidin 131 kwana 8 ne, watau bayan kwana 8 saura rabi, bayan 16 saura rubu'i, haka har ya mutu kamar garwashi. Wannan shi ke sa wutar ba ta dawwama a jikin majiyyaci.

Sai ɗan aike. Jikin mutum ya kan ƙera wasu 'yan gadi cikin jini, waɗanda kowane irinsu abu ɗaya tak ya sani, in ya gan shi ya manne masa. A 1975, a Cambridge ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a hayayyafa irin ɗan gadi ɗaya a ɗakin bincike, a sami miliyoyinsa duk kama ɗaya. Aikin nan ya jawo musu kyautar Nobel a 1984. Masanan Duke, ƙarƙashin Dokta Darell Bigner, suka bi wannan hanya, a 1983 suka ba da labarin wani ɗan gadi da suka sa wa lamba 81C6. Abin da ya sani shi ne wani sinadari mai suna tenasin, wanda ke da yawa cikin saƙar da ke riƙe da ƙwayoyin tsiron, amma kusan babu shi a lafiyayyar ƙwaƙwalwar babban mutum. Wani masanin haɗa sinadarai na jami'ar, Michael Zalutsky, shi ya jagoranci aikin ɗaura masa ma'adinin yadda ba zai kwance a hanya ba.

Da aka ga allurar jini ba ta kai isasshe ga tsiron, sai aka yanke shawarar a zagaye ganuwar. Bayan likitan fiɗa ya cire tsiron, rami ya kan rage cikin ƙwaƙwalwa. Sai ya sa siririn bututu cikin ramin, ɗaya bakin ya haɗa shi da wani ɗan ƙaramin mazubi da ya binne ƙarƙashin fatar kai, ya ɗinke. Bayan 'yan kwanaki a ɗauki hoto a tabbatar ramin ba ya yoyo, sa'an nan a soka allura ta fatar a zuba maganin. Ɗan aike ya manne wa bangon ramin, tartsatsin ya yi ta aiki a daidai wurin da a ke tsammanin cutar za ta komo. Wanda aka ba aidin 131 a kan keɓe shi a ɗaki shi kaɗai na wasu kwanaki, har wutar jikinsa ta ragu yadda ba za ta taɓa iyalinsa da ma'aikata ba.

An buga sakamakon gwajin farko a 1998, wanda aikinsa shi ne gano iyakar abin da mutum zai iya ɗauka. A 2006 Dokta David Reardon da abokan aikinsa suka buga na biyu. Majiyyata 43 ne waɗanda tsiro ya komo musu, yawancinsu masu giliyobilastoma. Tsakiyar kwanan masu wannan mugun iri ta kai mako 64, watau shekara ɗaya da kusan wata 3. Maganin bai rasa illa ba. Kusan ɗaya cikin huɗu jininsu ya ragu, domin wani abu daga cikin aidin ya kan tsere ya shiga jini ya taɓa ɓargo, wasu kaɗan kuma ƙwaƙwalwarsu ta jigata na ɗan lokaci.

Wannan ya sa masanan suka koma ga alfa, mai gajeren zango. Ma'adinin da suka zaɓa shi ne astatin 211. Sunansa daga Girkanci ne, ma'anarsa marar zama. An fara ƙera shi a 1940 a Berkeley ta Kalifoniya, kuma duk abin da ke cikin ƙasa na irinsa a duniya ba zai cika tafin hannu ba. Saboda haka ƙera shi a ke yi, ta hanyar harbin wani ƙarfe mai suna bismut cikin injin da a ke kira saikulotiron, wanda Duke ta mallaki irinsa. Ƙarfinsa ya kan ragu da rabi cikin sa'a 7 da 'yan mintoci. Abin da aka haɗa da asuba, kafin azahar saura rabi, kashegari war haka saura kashi ɗaya cikin goma. Tilas mai inji da mai haɗawa da likita da majiyyaci kowa ya kasance a shirye a sa'a ɗaya. A 2008 aka buga labarin majiyyata 18 da aka ba wannan magani. Hotuna sun nuna wajen kashi 97 cikin 100 na tartsatsin cikin ramin ya ƙare, ba wanda illa ta tsananta masa har ta kai a dakata, kuma tsakiyar kwanan masu giliyobilastoma ta kai mako 52.

Mai sauraro zai ce, to, shekara guda ko fiye a maimakon wata 8, ai an ci nasara, me a ke jira? Nan ne fa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ba kowane majiyyaci aka ɗauka cikin waɗannan gwaje-gwaje ba. Sai wanda tsironsa wuri ɗaya ya ke, wanda fiɗa ta biyu za ta yiwu a kansa, wanda raminsa ba ya yoyo, wanda kuma ke da sauran ƙarfin jiki. Irin waɗannan mutane ko ba sabon magani su kan fi sauran daɗewa. In manomi ya zuba sabon taki a fadama ya gwada amfaninta da na gonar jigawa, ba zai san ko takin ne ya yi aiki ko ƙasar ba. Saboda haka gwajin magani hawa uku ne. Na ɗaya, mutane kaɗan, a ga ko jiki zai ɗauka. Na biyu, mutane 'yan gomiya, a ga ko akwai alamar amfani. Na uku, mutane ɗaruruwa a asibitoci da yawa, a raba su biyu da ƙuri'a, ba da zaɓin likita ba, rabi su sami maganin da aka saba, rabi a ƙara musu sabon, sa'an nan a gwada. Tun 1948, da aka gwada maganin tarin fuka a Ingila ta wannan hanya, ita ce alƙalin da masana suka yarda da hukuncinsa.

Maganin Duke mai aidin ya kai bakin hawa na uku. A 2008 aka buɗe babban gwajinsa, wannan karo ga waɗanda aka gano cutar tasu sabuwa, amma ba a yi nisa ba aka tsayar da shi saboda rashin kuɗi. Ba a ce maganin ya faɗi ba, ba a kuma ce ya ci ba. Shari'a ce aka tashi ba a yanke ba. Wannan na daga cikin abin da ba a cika faɗa ba game da kimiyya: babban gwaji yana cin dukiya mai yawa, kuma magani na iya tsayawa a hanya ba don laifinsa ba.

Amma aikin bai mutu ba, wasu sun ɗauka ta wasu hanyoyi. A San Antonio ta jihar Texas, Dokta Andrew Brenner da abokan aikinsa sun cusa ma'adinin reniyom 186 cikin 'yan ƙananan ƙwalayen maiƙo, suna tura su sannu a hankali ta siraran bututu har cikin tsiron kansa, matsin famfo yana baza su. Reniyom yana fid da wani haske da kyamara ke gani daga waje, don haka likita na kallon inda maganin ya kai, ya kuma lissafa abin da tsiron ya sha. A 2025 suka buga labarin majiyyata 21. Waɗanda tsironsu ya sha fiye da gire 100, tsakiyar kwanansu wata 17 ne, waɗanda bai kai haka ba kuwa wata 6. Wannan alama ce mai ƙarfafa zuciya, ko da ya ke ƙaramin tsiro ya fi sauƙin cikawa da magani, kuma mai ƙaramin tsiro dama ya kan fi daɗewa. A Ostiriya da Holan da Ostareliya kuma an gwada wata dabarar. Tsiron mayunwaci ne, yana da ƙofofi masu yawa na shigar da abincin gina jiki, kuma irin ƙofofin nan akwai su a jikin ganuwar ƙwaƙwalwa. Sai aka ɗaura aidin 131 ga wani abu mai kama da abincin, aka yi allurarsa a jini, ya wuce ganuwar kamar baƙon da aka gayyata. An buga labarin majiyyata 10 a 2024, waɗanda aka haɗa musu shi da gashin inji, tsakiyar kwanansu wata 13 daga fara maganin. Mutum 10 ba su isa hukunci ba, amma sun isa a ci gaba.

Abin da ke ƙara wa masana ƙarfin gwiwa shi ne dabarar ta riga ta ci jarrabawar ƙuri'a a wasu sassan jiki. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Lutathera, mai ɗauke da ma'adinin lutetiyom 177, domin wani irin ciwon daji na hanji da makamantansa, a 2022 kuma ta amince da Pluvicto domin ciwon dajin mafitsara na maza wanda ya bazu. Amma har zuwa 2025 ba ko ɗaya cikin magungunan ƙwaƙwalwa da aka ambata da ya sami wannan izini. Duk wanda ya same su, a matsayin ɗan gwaji ya same su.

Ya kamata a tuna da waɗannan 'yan gwaji, domin kowace lamba da aka ji a jawabin nan mutane ne. Mutum ne mai sauran 'yan watanni, ya yarda a sake buɗe ƙoƙon kansa, ya yi kwanaki a keɓe ba ya rungumar 'ya'yansa, ana ɗibar jininsa ana ɗaukar hotonsa, alhali an gaya masa ƙila amfanin ba shi zai gani ba, na bayansa ne. Saboda haka doka ta wajabta a yi wa majiyyaci bayani da harshen da ya ke ji, a gaya masa haɗarin, ya sa hannu da yardarsa, kuma yana da ikon fita duk ran da ya so ba a rage masa kulawa ba. Wani kwamiti wanda ba na masu gwajin ba shi ke duba shirin kafin a fara. Mutanen ƙasar Hausa sun san darajar wannan ƙa'ida, gama gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya jawo shari'a ta shekaru a kan maganar yardar iyaye.

Ina rabon Afirka ta Yamma a cikin wannan? An kafa sashen gashin ciwon daji a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma a 2021 Nijar ta buɗe nata na farko a Yamai. A Zariya akwai tukunyar atam tun 2004, amma ƙarama ce, ta koyarwa da bincike. Abin lura shi ne irin ma'adinin da ya ci gwaji shi zai nuna ko maganin zai iso da wuri. Aidin 131, mai kwana 8, da lutetiyom 177, mai kwana 6 da ɗoriya, ana iya ɗauko su a jirgin sama daga nesa, kuma Afirka ta Kudu tana ƙera su a tukunyarta ta Pelindaba. Astatin kuwa ba ya jure doguwar tafiya, sai inda injinsa ya ke kusa. Haka kuma maganin da a ke yi da allurar jini ya fi sauƙin yaɗuwa bisa wanda sai ƙwararren likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ya dasa bututu.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannun kowa. Yawancin ciwon kai ba tsiro ba ne, kada kowa ya firgita. Amma ciwon kan da ke ƙaruwa mako bayan mako tare da amai da safe, ko farfaɗiyar da ta fara wa babban mutum wanda bai taɓa yinta ba, ko mutuwar sashen jiki a hankali, ko rikicewar magana da canjin hali, waɗannan a gaggauta kai su asibiti a ɗauki hoton kai. Da yawa daga cikin tsiron da ke fitowa cikin ƙoƙon kai ba giliyobilastoma ba ne, wasu fiɗa kaɗai ta kan raba mutum da su in an zo da wuri. Wanda kuma aka ce masa ga maganin atam na sayarwa mai warkar da ciwon dajin ƙwaƙwalwa, ya riƙe kuɗinsa, ya tambaya a wane asibiti aka gwada shi, mutum nawa, kuma an raba su da ƙuri'a ko ba a raba ba. Tambayoyin nan uku su ne masana da kansu ke yi wa juna.

Abin da aka tabbatar ya zuwa yanzu shi ne ana iya kai wuta mai ƙarfi har cikin tsiron ƙwaƙwalwa, fiye da abin da inji ke iya bayarwa daga waje, ba tare da an halaka majiyyaci ba, kuma ana iya ganin inda ta sauka a auna ta. Ko za ta ƙara wa masu cutar kwana, da kuma nawa za ta ƙara, wannan sai babban gwajin ƙuri'a ya kai ƙarshensa. Iyakar jawabin kimiyya na wannan mako ke nan.